Lasifika ta Biyu

Mai Kunne ya zauna a kujerar tsakiya, ya harɗe ƙafa, yana fuskantar baƙin labulen da ya raba ɗakin gwajin gida biyu. Ba a banza ya samu sunan ba. In ya yaba lasifika, kafin ka ankara ta ƙare a kasuwa. In ya yamutsa fuska, mai ita sai ya nemi wata sana'a. Ko ƙaninsa da ke harhaɗa lasifiku bai tsira ba, a gaban masu saye ya taɓa kiran aikinsa gwangwani.

Ƙanin ne ya shirya gwajin, ya tara jama'a. A cewarsa da ido Yaya yake ji, tambari da farashi kawai yake saurare. Yau kuwa ba abin da zai gani.

"Wace waƙa za a sa, Yaya?"

"Ai ka sani."

Kowa ma ya sani. Waƙar matar Mai Kunne ce, murya zalla ba kiɗa, wadda aka ɗauka tun tana budurwa, kafin ciwon maƙogwaro ya raba ta da waƙa. Da ita yake auna kowace na'ura. Kullum yana ce wa matar muryarta na nan yadda take, ta daure ta koma waƙa. Yau ta riga shi fita, tana ta murmushi.

Lasifika ta farko ta tashi. Muryar ta cika ɗakin, garau da ita. Ya lumshe ido yana gyaɗa kai.

Aka ɗan ji motsi a bayan labule, ta biyu ta fara. Tun a baitin farko ya ɓata rai. Muryar na rawa, numfashi na fita inda bai kamata ba, da aka zo hawa sama sai ta shaƙe.

"Kashe!" ya daka tsawa. Sautin ya ɗan ja, sannan ya mutu.

Ya juya ga jama'a. "Wannan ta mayar mini da mata tsohuwar akuya. Ko kyauta aka ba ni ba za ta kwana a gidana ba. A kai ta juji, kunnuwanmu su huta."

Ɗakin ya ɓarke da dariya.

"Kunnenka bai yi ƙarya ba, Yaya," in ji ƙanin a hankali, ya ja labulen.

Lasifika ɗaya ce tak a wurin. A gefenta matar Mai Kunne ce tsaye cikin sababbin kaya, bakinta a ɗan buɗe kan baitin da bai bari ta ƙarasa ba.