Ɗalibar Fusena

Asabar ta uku ke nan Fusena tana jera benci a ƙofar gidansu a unguwar Nima, ba yarinya ko ɗaya. Ita ta fara shiga jami'a a danginsu. Ta zo hutu daga Amurka, tana son nuna wa 'yan matan unguwa hanyar karatu. Iyaye suka hana, wai boko ya mayar da ita baƙuwa.

Tana shirin kwashe bencin sai mahaifiyarta ta zauna, da sabon fensir a hannu.

"Mma, tashi mana, wurin ɗalibai ne."

"Shekara shida ina kai wasiƙunki unguwar Tudu, wani ƙato yana karanta min sirrin 'yata. Wata mai zuwa za ki koma. Ɗauko alli, Malama."