Irinta Biyu Gare Ni a Abuja

"Wannan ai ta yara ce," in ji Lawal, yana shafa jar motar Ferarin Isiyaku, abokin takararsa wajen neman Talatu. "Irinta biyu gare ni a Abuja."

Talatu tana bakin zaure tana jin su.

Lokacin tashin bama-bamai ne, 'yan sintirin unguwar Yakasai ba sa ƙyale baƙuwar mota. Suka ce Isiyaku ya buɗe baya. Ya ɗaga murfi, sai ga wayoyi da bututu, don nan injinta yake, duk mai irinta ya sani.

"Bam! Wallahi bam ne!"

Lawal ne. Kafin a waiga ya kai titi, ba takalmi.

Talatu ta tsince takalman. "Malam Isiyaku, in za ka Abuja, ka kai masa."