Rabon Wutar Malam Sallau

Tun da aka koma raba wutar lantarki bisa yawan masu rai a gida, ba a sanar da hukuma rasuwa sai batirin motar ɗaukar gawa ya cika. Da rabon mamacin ake yi mata caji.

Malam Sallau ya rasu da hantsi. Ƙaninsa Ilu ya jawo doguwar wayar wuta daga ɗaki zuwa motar, ya bar rabinta a naɗe.

"Warware ta duka," in ji Tabawa, matar marigayin. "A naɗe zafi take yi. Yayanka bai taɓa barin ta haka ba."

Ruwan wankan gawa ya gangaro tsakar gida. Tabawa ta ɗaga wayar kada ta jiƙe, ta zauna riƙe da ita. Wayar da ɗumi, kamar hannun mai barci.

Bayan azahar Ilu ya leƙo. "Yaya, ta cika. In sanar?"

"Dakata tukuna."

"Jama'a na jira a waje."

Ta gyaɗa kai. Ilu ya sanar da hukuma. A jikin mitar gidan, fitila ɗaya cikin biyu, ta rabon Malam Sallau, ta mutu. Motar ta tafi. Tabawa ba ta tashi ba har wayar ta huce a hannunta.