Haruffan Abbas Ba Hula

Inna Ummusalma ta miƙa wa Uwaisu, mai buga takardu a tashar Jibiya, wasiƙar ɗanta Abbas daga Maraɗi. Da Faransanci take, ya fassara mata: lafiya lau yake, zai zo da sallah.

"Ɗan nan, yaushe kwamfutarka ta lalace?"

Wata uku ke nan da mutuwar maɓallin kwamfutar Uwaisu da ke ɗora wa haruffan Faransanci 'yar hula.

"Ban iya karatu ba, amma ina da ido. Wata uku haruffan Abbas ba hula."

Uwaisu ya sunkuyar da kai. Tun bara aka binne Abbas. Uwaisu ne ke buga wasiƙun don kada ta sani, wani direba ya kai mata.

"Ka gyara ta," in ji tsohuwar. "Ina jiran ta wata mai zuwa."