Hannu Mai Yatsu Huɗu

Na san za a yi musu, amma Girijamma Hegde, wadda ta shugabanci makarantar 'yan mata a Sirsi shekara talatin, ba ta taɓa binne kowa a tsakar gidanta ba.

Fim ne ya jawo mata zargin. Wani saurayi, Sudhanva, ya shirya shi da Kannadancin tsaunukanmu, babu waƙa, babu rawa, babu jarumin da aka sani. Masu sharhi a Bengaluru suka ce ɓata wuta ne. A makon farko kujeru ne kawai suka kalla.

Daga nan wata mata ta lura. Gidan da ke fim ɗin yana da rijiya bayan madafa, da matakalar da ta rasa taki na uku, da gonar goron adike a gangare. Gidan Girijamma ke nan, ba ragi. A labarin, malamar makaranta ta kashe mijinta, ta binne shi ƙarƙashin dakalin tulasi, tsiron da take yi wa ibada kowace safiya. A fosta kuwa, hannun gawar ya ɓullo daga ƙasa da yatsu huɗu.

Kowa ya san Venkatramana, mijin Girijamma, wuƙar ɓare goro ta cire masa yatsa. Kowa ya san shekara ashirin da shida ke nan da ta ce ya tafi ziyarar ibada birnin Kashi mai tsarki.

Sinima ta cika maƙil. Mata suka daina gayyatarta bukukuwa. A ƙofar wurin ibada maƙwabciyarta Savitri ta dubi jan ɗigon da ke goshinta da sarƙar auren da ke wuyanta, kayan da ba ya halatta ga matar mamaci.

"Akka, yayata, har yanzu ado ake yi wa na ƙarƙashin ƙasa? Ashe shi ya sa tulasinki ya fi namu kore."

"Kwandon shara na ba ki a ajina, Savitri, ban ga kin ci gaba ba."

Girijamma ta sa aka kira Sudhanva. Ba ta ba shi kujera ba, balle kofi.

"Wa ya shigo da kai gidana?"

"Ajji, ban taɓa taka shi ba sai yau. Wani tsoho ne cikin 'yan Yakshagana, wasan dandalin nan na kiɗa da rawa, ya ba ni labarin, da sharaɗin shi zai fito a gawa. Bai karɓi ko rupi ɗaya ba."

"Ni ba kakarka ba ce. Tsohon, rawar mata yake fitowa a dandali?"

"Ya aka yi kika sani?"

Ta nuna masa ƙofa.

Ta daure wa habaici wata biyu, domin a ganinta gara a kira ta mai kisa da a kira ta matar da aka gudu aka bari saboda ganga da zanen sari na roba irin na 'yan rawa. Amma ranar da 'yan sanda suka iso da diga suka tsaya kan dakalin da surukarta ta gina, sai ta gyara mayafinta, ta rubuta suna da adireshi a takarda, ta miƙa wa sufeto.

Mai shakka ya bi wannan adireshi zuwa Kundapura, ya tambayi tsohon da ya fito a gawa, ya ƙirga yatsunsa: Venkatramana Hegde, mijinta, zai shaida.