Magaryar Gwaggo Tabawa

Shekara goma sha biyu ke nan da hana shuka duk irin da ba shi da hatimin hukuma. Duk da haka Gwaggo Tabawa ta fasa ƙwallon magarya, ta jiƙa, ta binne a bayan ɗakinta. Sai bana ta fara 'ya'ya.

Da hantsi Sahabi, ɗan ƙanenta mai aikin duba gidaje, ya yi sallama.

"Wa ya kai ƙarata?" ta tambaye shi.

"Babu kowa, Gwaggo. Tsuntsaye ne. Duk unguwar nan a gidanki kaɗai suke sauka."

Ta tsinko guda ta miƙa masa. Ya jujjuya ta a tafin hannu, ya ce, "Ci ake yi?"

Ta daɗe tana kallonsa.

"Da ita ubanka ya girma. Sare ka tafi."