Layi Ɗaya a Shafin Ƙoda

Sa'a ba ta zo koyon komai ba. Ta jira sai da masu gyaran kundin ilimi na intanet suka gama taronsu na Asabar a wani ɗaki a unguwar Sabon Gari ta Damagaram, sannan ta ajiye tsohuwar salula a gaban Madam Rahama, ma'aikaciyar jinyar da aka ce ita ke sa ido kan shafukan lafiya na Hausa.

"Mutum nake nema," in ji ta. "Wanda ya kashe mini miji."

Rahama ta jawo mata kujera.

Mijin, Mushe Mutari kamar yadda ake kiran malaman boko, malamin tarihi ne a lise, wato babbar sakandare. Shekara biyu ana yi masa wankin ƙoda har ya koma kamar sillen kara. Da likitoci suka ce sai dashe, 'yan'uwansa na garin Droum kowa ya samo uzuri, wannan shuka, wancan ciwon baya. Sa'a ba ta nemi shawarar kowa ba. Ta bi shi Kano aka ɗebi jininta, aka ce ya zo daidai, sauran gwaji sai wata mai zuwa. Ta dawo Damagaram bakinta har kunne, kamar wadda aka biya wa kujerar Makka. Shi kuwa duk tsawon hanya sau ɗaya ya yi magana, yana kallon taga.

"In muka kwanta mu biyu, wa zai riƙe yaranmu, Hafsa da ƙannenta?"

Ta ce masa Allah.

Washegari da hantsi ya miƙa mata salularsa. Shafin dashen ƙoda ne, ga layin nan ɓaro-ɓaro: macen da aka taɓa yi wa aiki wajen haihuwa ba ta ba da ƙoda, in ta bayar ba ta tashi. Ita kuwa an yi mata aiki a haihuwar auta. Sa'a mace ce da ba ta cin "an ce", mai tallar magani a kasuwa ko kallo bai ishe ta ba, amma abin da ta gani a rubuce ta ɗauke shi yankan wuƙa. Mutari ya ce kada ta wahalar da kanta, shi zai buga wa likitan Kano ya sanar da shi. Ta yi kuka har idonta ya kumbura, mara lafiyan ne ma ya koma rarrashinta. Bayan wata bakwai aka kai shi makwancinsa.

Ta fita takaba da 'yan kwanaki ta kai auta asibiti, hira ta kawo hira, ta ba likita labarin. Ya ajiye alƙalami ya ce, "Wa ya gaya miki? Aikin haihuwa shi kaɗai ba ya hanawa." Tana komawa gida ta nemo salular Mutari.

Rahama ta haɗa salular da intanet ɗin ɗakin, ta ga shafin yana nan a buɗe inda mai ita ya bar shi. Ta nemo shi a ordinatarta, wato kwamfuta. Layin bai motsa ba, har ya samu 'yar lamba a ƙarshensa, alamar madogara.

"Yaya Sa'a, dokarmu a kan maganar lafiya ta fi ta sauran shafuka tsanani," ta ce. "Jarida ba ta isa ba, rediyo bai isa ba. Sai littafin likitanci, ko nazarin masana da ya tattara bincike da yawa. Bari mu ga wannan."

Ta bi lambar, sai ga wata 'yar jaridar intanet. Ta duba kwanan wata, ta yi tsaki. Jaridar ce ta kwafi layin daga kundin, daga baya wani mai son taimako ya ɗauko jaridar ya jingina layin da ita. Shekara guda ke nan ƙarya tana ba wa kanta shaida, kuma layin ya wuce ta gaban idon Rahama ba ta gani ba. Ta goge shi, ta ba da haƙuri.

"Gogewa ba ta dawo mini da shi," in ji Sa'a. "Wa ya rubuta?"

Kowane shafi yana da tarihinsa, ba a ƙara ko ɗigo ba tare da ya bar sawu ba. Rahama ta yi ta komawa baya har ta tsaya a kan wani suna, Manomi74. Bai taɓa rubuta komai ba kafin nan, bai sake ba bayan nan. Da ta karanta kwanan watan, Sa'a ta dafe ƙirji. Ranar da Mutari ya nuna mata shafin ce, da sassafe. Da la'anannen ya yi jinkirin yini ɗaya tak, da yanzu Mutari yana aji yana faɗa da 'yan lakwal.

Sunansa na gaskiya da gidansa ba mai iya sani, in ji Rahama. Abin da za a iya kawai shi ne a bar masa saƙo, zai faɗa wayarsa duk inda take.

Sa'a ta gyara zama. "Rubuta. Kai da ka rubuta abin da ba ka sani ba, ga ni da ƙoda biyu lafiyayyu, mijina yana cikin ƙasa, 'ya'yana huɗu marayu. Ban yafe maka ba, duniya da lahira."

"Yaya, wannan ta ƙarshen fa? Ta yi nauyi."

"Rubuta."

Rahama ta rubuta, ta aika. Sai salular Mutari ta yi ƙara a kan tebur, fuskarta ta haska: Manomi74, kana da sabon saƙo.